Malama Baiwa, Mai Karanta Haruffan Shinkafa

Mu mazauna layin nan na Gwadangaji ba ma buƙatar agogo don sanin bakwai ta yi. Lokacin ne Malama Baiwa Maigandi ke fitowa da jakarta ta fata, ta tari keke zuwa cikin gari. Kafin sauran ma'aikata su gama gaishe-gaishe, ta riga ta buɗe ɗan ɗakin ajiyar iri da ke bayan ofishin gona, tana bin kwalabe ɗaya bayan ɗaya ko danshi ya shiga, ko ƙwaro. Guda ɗari biyu da goma sha huɗu ne, kowace da irin shinkafar gargajiya a ciki. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa Ummaru da muka tsufa a ofis ɗaya na ce wallahi ba za ta tafi shiru ba.

Ta fara tara su ne shekarar da aka ba mu jiha, lokacin da mu huɗu ke raba tebur ɗaya. Hankalin kowa na kan sabon irin da ake raba wa manoma. Ita sai ta riƙa bin fadamun Argungu da Augie da Gulma a bayan babur, tana roƙon cikin tafi na tsofaffin iri, waɗanda karansu ke miƙewa ya bi ruwa in kogi ya cika. Ta rubuta sunan gari da sunan maigida a littafi. Duk shekara uku kuma ta sake shuka kowanne a fangalinsa don kada ya mutu. Mun sha yi mata dariya.

Bayan shekara ashirin da 'yan kai, wani mai bincike, Dokta Izzuddeen, ya zo daga wata jami'a. Ya shuka kowane iri, da ya tsiro ya yanki ganye, ya aika inda ake karanta ƙwayoyin gado. Ashe kowane mai rai yana ɗauke da dogon rubutu da ya gada daga iyayensa, haruffa huɗu kacal da ke ta maimaituwa sau miliyoyi. In aka gwada rubutun tsiro biyu, sai a san ko dangin kusa ne ko na nesa.

Da sakamako ya dawo, Dokta ya zana taswira a kwamfuta. Kowane ɗigo kwalba ɗaya ne, dangi kuma kan taru wuri guda. Ya ba kowane gari launinsa, yana sa ran ganin na Gulma a dunƙule, na Augie a dunƙule. Sai ga launuka a cakuɗe kamar an juye wake da gero a tabarma ɗaya. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya gani ya rubuta: an gauraya iri wajen sake shuka, sunayen da ke jikin kwalabe ba abin dogaro ba ne. Manyanmu dama suna neman wurin ajiye taki. Aka ba ta shekara guda ta kwashe kayanta.

Ina wurin ta dube shi ta ce, "Dokta, ba ni gardama bisa abin da ban sani ba. Ba ni haruhwan ga in karanta da kaina."

Ya ce, "Malama, wannan fa karatun shekaru ne."

Ta ce, "To gara in hwara yau."

Shekarunta hamsin da biyu a lokacin, kuma iyakar hulɗarta da kwamfuta buga wasiƙa. Ta sayi sabon tabarau. Ta nemo darussa a intanet, ta zauna gaban baƙin allon nan da ba hoto ba ado, sai umarni da ake rubutawa harafi harafi. Ta koyi tace bayanan, ta zubar da gutsattsarin da na'ura ba ta karanta da kyau ba. Ta koyi jera sauran a kan cikakken rubutun shinkafa da masana suka riga suka haɗa, sannan ta tsamo wuraren da wannan iri ya saɓa da wancan. Waƙafi guda da ta ɗiga ba a wurinsa ba ya taɓa cinye mata aikin kwana uku. Wuta kuwa kamar da gangan, sai lissafi ya kai rabi take ɗaukewa. Ban taɓa jin ta yi tsaki ba, amma na taɓa jin tana yi wa kwamfuta faɗa kamar ɗan da ta haifa.

Wata takwas ta yi kafin ta fitar da tata taswirar. Ta fito daidai da ta Dokta, ɗigo da ɗigo. Ranar na tausaya mata ƙwarai. Na ce, "Baiwa, ki yi haƙuri hakanan."

Ta ce, "Lissahi bai yi ƙarya ba, Ummaru. Ni ma ban yi ba. Akwai dai abin da ba mu tambaya ba."

Ta zaɓi ɗigon da ya fi kowanne ɓata, wani iri na Gulma da ya je ya zauna tsakiyar na Augie. Ni na tuƙa ta zuwa gidan da ta karɓo shi. Maigidan ya rasu, sai matarsa, wata tsohuwa mai suna Laure, muka tarar tana sheƙar shinkafa. Baiwa ta nuna mata kwalbar ta tambaye ta asalin irin.

Laure ta yi dariya ta ce, "Wa yac ce miki na Gulma na? Da shi anka kawo ni daga Augie. Innata ta ƙulle min shi ga haɓar zane ranar da za ni ɗaki. Ita ma daga uwatta tas samo shi. Mu ka zaɓen iri, mu ka ajiye shi, maza shuka kawai su ka yi."

Baiwa ta zauna a ƙasa, ta dafe kai. Fom ɗin gona duk sunan maigida yake nema, ita ma shi ta yi shekaru tana rubutawa. Wata uku ta yi tana bin gidajen nan da tambaya guda: daga wane gari aka auro matar da ta zo da irin? Inda matar ta rasu, 'ya'yanta suka ba da amsa. Ta dawo ta sake wa kowane ɗigo launi, wannan karon da garin uwar iri. Ina tsaye bayanta ta danna. Jama'a, na Augie suka koma gefe guda, na Gulma gefe guda, na Argungu gefe guda, sai 'yan kaɗan da suka rage a tsakani. Na yi kabbara har na ofishin kusa suka sheƙo a guje.

Dokta Izzuddeen ya zo ya maimaita lissafin da kansa, ya janye rahotonsa da hannunsa, ya kuma sa sunanta a gaban nasa a takardar binciken da suka fitar. Taki ya nemi wani ɗakin.

Baiwa, ke ce wadda aka nuna wa ƙofa da harshen da ba ki ji, kika je kika koyo harshen kika dawo kika amsa. Ke ce kika mayar wa su Laure aikinsu da ba wanda ya taɓa rubuta shi. Mai kwalabe, mai hujja, mun gode.

Ku ma'aikata irina da ke cewa kai ya tsufa da karatu, ku dube ta. Ku masu yawo da fom a ƙauyuka, in kun gama da zaure ku yi sallama ku shiga cikin gida.

Saura magana ɗaya da ban taɓa gaya miki ba. Takardar da aka ba ki wa'adin kwashe kwalaben nan, ni na rubuta ta, kuma na yarda da abin da ke ciki ranar da na rubuta. Kin kunyata ni, Baiwa, ban kuwa taɓa shan kunyar da ta yi mini daɗi irin wannan ba. Ki yafe ni. Allah ya sa ki huta lafiya.