Rakiyar da Ban Yi wa Sani Ba

Jega, Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito gida, na tari motar albasa da aka yi wa lodi a Aliero, za ta Kalaba. Direban, Ɗan'ige, ya dube ni ya ce, "Baba, mi za ka saida can, ga ka ba ko buhu guda?"

Na ce, "Ziyara za ni."

Ban faɗa masa kabarin ɗana Sani zan ziyarta ba. Na so Sani ya gaje ni a noman albasa, shi kuwa ya zaɓi aikin sojan ruwa. A wajenmu, mai tafiya nesa uba kan raka shi tasha, ya dafa kansa ya sa masa albarka. Ranar tafiyarsa na saɓi fartanya na wuce gona. Ya yi ta aiko mini in zo in ga Kalaba, inda aka tura shi, ban je ba, har ciwo ya ɗauke shi.

Kan hanya

A Maiyama muka yi sallar asuba. Shingaye kuwa tun muna ƙirgawa har muka bari. Mun kwana biyu a hanya, tabarma gefen mota, abincinmu shayi da burodi, sai tuwo a Lakwaja.

Kalaba

Alhamis ƙarfe biyar na yamma muka shiga. Na sauka Bogobiri, unguwar Hausawa, wajen Malam Isa, mutumin Maiyama da suka yi aiki tare da Sani. Da hantsin Juma'a ya kai ni wani tsohon gidan katako a kan tudu, inda Turawa suka zauna suna mulki, yanzu gidan tarihi ne. Na ga sarƙoƙin da aka ɗaure bayi da su kafin a zuba su jirgi. Daga tudun ana hango kogi, ga jiragen soja masu launin toka a tsaye.

Malam Isa ya ce, "Nan yac ce zai fara kawo ka, Baba, in ka zo."

Na daure na tambaye shi, "Ya rasu yana hushi da ni?"

Ya ce, "Hushi dai ban gani ba. Amma duk wanda anka canza ma wurin aiki, Sani ka raka shi tasha, ko bai san shi ba. Har Sarkin Rakiya munka sa mishi."

Bayan sallar Juma'a muka je maƙabarta. Na dafa ƙasar kabarin ta wajen kai, na yi masa addu'ar da ya kamata in yi a tashar Jega.

Komawa

Litinin da azahar na iso gida lafiya. Godiya ga Allah, da Ɗan'ige, da Malam Isa, wanda ya rako ni har tasha. Sau biyu ina cewa ya koma, bai juya ba sai da mota ta tashi.