Kwandon Dabinon da Na Bi Har Badar

Mun bar Ƙurban, unguwarmu a Madina, ana idar da sallar asuba ranar Alhamis ɗin da ta wuce, ni da maiɗakina da yayana da direba. In faɗa muku gaskiya, ba da son raina na fita ba. Wata biyu cur ina duƙe a kan keken ɗinki, tun kafin Arfa har alhazan ƙarshe suka watse, ina ɗinka jallabiyoyin tsaraba. Bayana ya ƙage, idanuna har allura biyu-biyu suke gani. Ni katifa nake so. To amma Yaya ya zo mana ziyara daga gida, ranar Lahadi jirginsa zai tashi daga Jidda, kuma ya kafe shi ba zai koma ba sai ya tsoma ƙafarsa a Bahar Maliya, wai kada a tambaye shi a ƙofar gida ya ce ta tagar jirgi ya leƙa ta. Babban wa magajin uba, me zan ce? Na ce to, Yaya, mu je Yanbu.

Motar a-kori-kura ce ta wani maƙwabcinmu mutumin Chadi, da ita yake kai wa magina bulo, shi ne kuma direban. Yaya ya zauna a gaba, ni da maiɗakina muka shimfiɗa tabarma a baya tsakanin jarkar ruwa da tukunya da kwandon kaba cike da dabino, wanda na sayo a lambunan Ƙuba. Wanda bai taɓa zama a bayan motar bulo ba bai san yawan ƙasusuwan da Allah ya yi masa ba. Hanyar kuwa kwana ce bayan kwana a tsakanin baƙaƙen duwatsu, ga manyan motoci ɗauke da bututun ƙarfe suna tafiya wajen aikin da ake yi a Yanbu, in ɗaya ta shiga gabanka sai ka sha hayaƙinta har ka gode Allah.

Da hantsi muka tsaya a wata gahawa kafin Badar, irin rumfunan nan na bakin hanya masu dogayen gadajen igiya. Aka kawo wake da gurasa mai zafi da shayi a 'yan ƙananan butoci. Shayin ya fi na Madina tsada, ya kuma fi shi sukari, kai ka ce zuma aka narka. Maiɗakina ta shiga ɓangaren mata. A nan Yaya ya ɗauko zancen ɓarayi. Shekarun baya ya taɓa zuwa bakin teku a Ikko, ya tuɓe riga ya shiga ruwa, da ya fito ba riga ba hula ba takalmi, da zanen aro ya koma masauki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ce masa nan ba Ikko ba ce, a Madina mai sayar da zinariya ƙyalle kawai yake rufawa a kan kayansa ya tafi salla. Ya ce ɓarawo ba a rubuta masa a goshi. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, har tsoron nasa ya shige ni.

Abin tsoron ma akwai shi. A aljihuna akwai igamata, takardar zaman ƙasa, wadda sunan maiɗakina ma a cikinta yake. A aljihun Yaya akwai fasfonsa da tikitin jirgi. Kafilina, Balaraben da nake zaune da sunansa, ya yi tafiya waje, ba mai tsaya mini. Akwai shingen duba takardu kafin a shiga Madina, kuma a irin wannan lokaci na bayan hajji duk wanda aka samu ba takarda, cikin waɗanda suka maƙale ake sa shi a mayar da shi ƙasarsu. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan, kekena da ɗakina da komai nawa a jikin wannan ɗan littafi suke rataye.

Muka shiga shawarar inda za a ɓoye su. Ƙofar motar ba ta kulluwa. Direba ya ce kada mu kuskura mu binne a rairayi, iska tana shafe alama, ya san wanda ya yi ta tono har faɗuwar rana. A jiki kuma ruwa zai ɓata su. Ni ne mai dabarar, kuma har yau ina jin haushin kaina. Na zagaya bayan mota, na naɗe takardun a leda, na kwashe dabino na tura su can ƙasan kwando, na mayar da dabinon na danne. Wa zai saci dabino a ƙasar dabino? Yaya ya ce kada a gaya wa kowa, sirri in ya wuce mutum biyu ya tashi daga sirri. Ban gaya wa maiɗakina ba.

Mun wuce garin Yanbu, ƙura da gine-gine da ma'aikata daga ƙasashen da ban san sunansu ba, muka bar kwalta muka bi sawun motoci a cikin rairayi har ruwa ya tare mu. Kusa da gaɓa kore ne shar, can nesa kuma shuɗi kamar an turo shi daga marina. Yaya ya sauko ya tsaya baki buɗe, da ƙyar ya ce, "Allahu akbar, ashe haka take!" Gani ya kori ji. Ba itace ko ɗaya, sai muka ɗaura tamfol a jikin mota. Duk faɗin wurin nan babu kowa sai wata tsohuwar mota can gefe, da wani dattijo Balarabe yana jefa ƙugiya, da matarsa zaune ta binne ƙafafunta a rairayi.

Dattijon ya zo ya yi mana sallama, ya tambayi daga ina. Na amsa masa a gajarce. Na ga idonsa ya sauka a kan kwandon, sai na jawo shi kusa da cinyata. Mutum ya fito daga Madina da dabino, baƙo ya tsaya a kansa, ko ƙwaya uku bai miƙa masa ba, ai abin kunya ne, na sani. Amma Yaya yana ta ƙifta mini ido. Dattijo ya koma wajen ƙugiyarsa. Duk sanda na ɗaga kai sai in ga yana waiwayowa, ni kuma sai in ƙara rungume kwando. Maiɗakina, da yake a Madina ta tashi, Larabci a bakinta kamar ruwa, ta ɗauki butar shayi ta nufi wajen tsohuwar, matar dattijon. Na ce mata kada ta saki jiki da mutanen da ba mu sani ba. Ta ce "Ɗayyib," wato to, irin ɗayyib ɗin da na san ba ji za ta yi ba.

Haka na wuni. Yaya da direba suna ta facal-facal a ruwa kamar agwagi, ni ina zaune ina gadin dabino, gumi yana bin ƙeyata, gishirin iska yana cin idona. Da azahar ta yi dattijon ya ja mu salla, muka haɗa da la'asar. Kwandon na ajiye a gabana, kuma Allah ya yafe mini, rabin sallar nan a cikinsa na yi ta. Bayan mun idar sai ga tsohuwar ta ɗingiso da faranti, soyayyen kifin da mijinta ya kama ne a kan shinkafa ja. Ban taɓa cin kifi mai zaƙin wannan ba, kuma ina ci ina satar kallon mai shi.

Da ciki ya ɗauka sai Yaya ya ce in taso ko ƙafa in jiƙa, ai ga ƙanwarsa, maiɗakina, nan zaune a inuwa kusa da kaya. Na tashi. Ruwan wurin ba zurfi, sai ka yi ta tafiya bai wuce gwiwa ba. Ɗumi gare shi. Da na sami inda ya kai ƙugu na zauna a ciki, sai na ji bayan nan nawa da ya ƙage wata biyu yana saki gaɓa-gaɓa. Na lumshe ido. Ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Da muka fito, motar dattijo ba ta nan. Kwando ma ba ya nan. Na ce, "Innalillahi! Yaya, sun sace!"

Maiɗakina tana wanke kofuna, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wa ya sace me, Malam? In dabino ne, ni na ba su. Faranti ya zo mana da kifi, in mayar da shi wayam?"

Na zauna daɓas a rairayi na gaya mata abin da ke ƙasan kwandon. Ta kalle ni ta ce, "To ɓarawo ka ɓoye wa, ko ni?" Yaya ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Ni ko sunan dattijon ban tambaya ba. Ita kuwa, a hirar da na hana ta, ta ji komai: ciwon gwiwa ne yake kawo tsohuwar ta gasa ƙafa a rairayi, a Badar suke, mijin yana da gahawa a bakin hanya, da bishiyar magarya a bayanta. Muka kwashe kaya muka kama hanya. Gishiri ya bushe a jikina yana ƙaiƙayi, kaina yana sarawa. Ina ta tunanin ko sun tsaya a hanya sun ba wa wani kwandon, ko sun zazzage dabinon sun yar da ledar. Gahawa nawa muka leƙa a Badar, ban ƙirga ba, kusan kowacce da 'yar magaryarta. Rana ta yi ja kafin direba ya hango tsohuwar motar a bayan wata rumfa.

Dattijon ya taso da murna kamar ya ga 'yan'uwansa. Ya zaunar da mu a gadon igiya, ya zuba mana gahawa mai ɗaci, ya kawo dabino a faranti, namu ne na gane shi. Ina neman ta inda zan fara, don karɓe kyauta ba ƙaramin abu ba ne, sai ya riga ni.

Ya ce, "Ya ɗana, Allah ne ya dawo da kai don in nemi gafararka. Tun safe nake ganinka ka rungume kwandon nan kamar jariri, na ce wa matata ban taɓa ganin marowaci irin mutumin nan ba. Sai ga shi duka ka aiko mana da shi. Na yi maka mummunan zato a raina, ka yafe mini."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce na yafe, da wata murya da ba tawa ba. Sannan na ce masa akwai wani abu da na manta a cikin kwandon. Ya shiga ya ɗauko shi. A gabansa na zura hannu har gwiwar hannu cikin dabino, na zaro ledar tana danƙo. Na buɗe, igama da fasfo da tikiti duk suna nan lafiya.

Ya kalli takardun, ya kalli kwandon, ya kalle ni. Ba wanda yake manta igamarsa a ƙarƙashin dabino, shi ma ya sani. Sai ya ce a hankali, "Yau ai babu kowa a bakin ruwan nan sai mu."

Bai ƙara ko kalma ba a kan maganar. Ya sake cika mini kofi. Ya rantse ba za mu bi hanyar duwatsun nan da duhu ba, ya sa aka dafa mana abinci, ya ba mu gadaje, matarsa ta ja maiɗakina cikin gida. Da safe na ciro kuɗi, ya ture hannuna. Na buɗe baki sau biyu zan ce masa shi ma ya yafe mini, nauyi ya hana ni, na ɓige da yi masa godiyar kifi.

Mun shigo Madina da hantsin Juma'a. A shinge jami'in ya karɓi igamata ya buɗe, ya ji danƙo a yatsunsa, ya goge a wandonsa ya miƙo mini, ya ce mu wuce. Na samu Juma'a a Harami da ƙyar, na dawo na faɗi a katifa har magariba. Yaya ya tashi ranar Lahadi, kuma na tabbata yanzu yana can ƙofar gida yana ba da labarin Bahar Maliya, ban da wannan ɓangaren.

Masu niyyar zuwa bakin ruwa, ga abin da na samo. Ku ɗauki takardun da ba makawa kawai, ku ba wa mutum ɗaya ya riƙe a jikinsa, a riƙa karɓarsa in zai shiga ruwa, kuma duk wanda kuka fito tare ya san inda suke, musamman mai rabon abinci. Ni dai ba a sace mini ko allura ba, na dawo da komai nawa cif. Amma dattijon nan ya zarge ni da rowa ya nemi gafara a gaban mutane, ni na zarge shi da sata na ci abincinsa sau biyu na taho da bakina a rufe. Zato zunubi ne, mun sha ji. Na gaya wa direba ya sanar da ni duk ranar da zai kai bulo wajen Badar, ko a bayan motar ne zan bi shi, don akwai maganar da ban faɗa ba.