Motar Eli da akwatin Baba Jedidiah

Eli maƙwabcina ne a unguwar Cheetham Hill, nan Manchester, ƙofarsa na kallon tawa. Mutumin Bukuru ne, ya haura arba'in, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Mutane na yaba masa wannan hali. Ni ba na yabawa, don na ga abin da ya jawo.

Aikinsa kula da tsofaffi a gidajensu. Ya yi wa wannan wanka a Withington, ya ba waccan magani a Ardwick, gida tara a yini. Ba a yin wannan aiki da bas. In babu mota, babu aiki.

Motar kuwa tun yana Birmingham ya saye ta a hannun Baba Jedidiah, dattijon cocinsu. Ya biya, Baba ya dafa sitiyari ya yi addu'a, ya miƙa masa makulli. Takardar rajista fa? Baba ya ce tana cikin akwati, zai nemo. Eli bai sake tambaya ba. Wai kunya. Wai in ya tambaya kamar ya ce bai yarda da dattijo ba. A can gida mota kan yi shekara goma da sunan wani, ba mai damuwa. Nan ofishin rajista sunan da ke takarda kawai ya sani, kuma adireshin da ke takarda yake aika wa wasiƙa.

Da ya ƙauro Manchester da matarsa Kaneng, ya canza likita, ya canza wa yara makaranta, har coci ya canza. Mota dai tana nan da sunan Baba, harajin hanya na fita daga asusun Baba. Sai Baba ya tafi Jos hutun wata shida, ya tsayar da duk abin da ke fita daga asusunsa, bai gaya wa kowa ba. Wasiƙun gargaɗi suka yi ta faɗawa gidan Birmingham.

Ran wata Litinin aka ɗaure ƙafar motar da ƙarfe, washegari aka ɗauke ta. Aka ce in bai sabunta haraji ya kawo shaidar cewa tasa ce ba, za a murƙushe ta. Kaneng ta shigo wurina ido jajir, ta ce mijinta ya ce zai jira Baba ya dawo.

Na tarar da shi zaune da rigar aiki, ba wurin zuwa.

"Mama Catherine, dattijo ne," in ji shi. "Ba zan tayar masa da hankali yana hutu ba."

"Kai ma ai ga ka kana hutu. Ba ni lambarsa."

Baba ya ɗauka, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce takarda na cikin akwati a ɗakinsa, makulli na aljihunsa a Jos, a yi haƙuri. Na ce masa na girme shi da shekara huɗu, kada ya koya mini haƙuri. Na kashe waya.

Da wannan gwiwa tawa mai ciwo na hau bas zuwa Birmingham, Eli na gefena yana ta cewa bai kamata ba. Goodness, 'yar Baba, ta buɗe mana. Ga wasiƙu tuli a kan tebur, ba wanda ya buɗe ko ɗaya, don sunan Baba ne a kai. Ita da Eli cutarsu guda.

Eli ya tsaya gaban akwatin ya harɗe hannu a baya kamar mai jiran limami. Na ce Goodness ta kawo guduma. A bugu na uku kwaɗon ya fashe. Takardar na ƙarƙashin wata tsohuwar babbar riga, da ɗan yankinta kore na sabon mai mota, wanda ya kamata a yage a ba Eli tun ranar ciniki. Da lambar da ke jikin yankin, minti biyar Eli ya yi a waya ya sabunta harajin. Minti biyar, bayan shekara biyu.

Ran Juma'a ya karɓo motar. Yanzu sunansa ne a takarda, da adireshin Cheetham Hill, ni na tsaya a kansa har ya aika.

Ran Lahadi na ji shi ta taga yana waya, har da rusunawa. Haƙuri yake ba Baba saboda kwaɗo. Ya ma sayo sabo, ya aika Birmingham. Ni har yau bai biya ni gwiwata ba, kuma tun ranar ban amsa gaisuwarsa da daɗi ba.