Ranar da Ado Ya Tashi Wasan Kalankuwa

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai Malam Ado makwancinsa a Yammedi. Kowa ya san aminina ne, amma kaɗan ne suka san inda amincin ya samo asali.

Zamanin Turawa ne, muna samari. Idan an gama girbi, matasa sukan yi kalankuwa, wato wasan kwaikwayon masu mulki. A naɗa sarki, a yi Di'o, wato Baturen mulki, da 'yan doka, a riƙa yanke wa mutane hukuncin ban dariya. A shekarar, Ado ne sarki. Mutum ne mai sanyi, sai ya ji ta bakin kowa kafin ya yanke magana, har wasu na ƙorafin yana kashe musu wasa. Di'o kuwa wani ƙato ne, Tanko, wanda bai daɗe da dawowa daga aikin tilas na gina hanya ba. Ya shafe fuska da farar ƙasa, ya kifa ƙwarya a ka, yana tsawa yana gwaranci. Samari na son sa, don wallahi ya iya.

Ni baƙo ne daga Gwangwan, kallo ya kawo ni. Jakina ya tsinke ya afka wa tarin gyaɗar wani, aka ja ni gaban sarki ana shewa. Ni ma dariya nake, don na san bulalar kalankuwa karan dawa ce. Sai na ga Tanko ya zaro dorina ta gaske daga cikin riga, irin wadda aka yi ta zuba musu a wurin aikin hanya.

Ado ya ce a bar ni in yi bayani. Tanko ya ce a ƙasar nan Di'o ke faɗa, sarki ya ce to. Fili ya ɗauki ihu. Aka kwantar da ni, aka danne mini hannuwa, dukan farko ya fasa fata. Abin da har yau yake ba ni tsoro shi ne, da suka ga jini sai kiɗa ya ƙaru, wasu ma suka fara tsintar duwatsu. Dattawa na gefe, al'ada ta hana su sa baki a hukuncin wasa.

Ado ya warware rawaninsa ya jefar, ya ce, "Ba sarki, ba Di'o. Wasa ya tashi." Ba wanda ya ko dube shi. Sai ya zo ya kwanta a bayana. Tanko bai tsayar da dorinar da wuri ba.

Da shekara ta zagayo, Tanko suka naɗa sarki, kuma an ce ba a taɓa cika irin ta wannan shekarar ba. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai, har yanzu ma bai daina ba.

Yau idan aka kwarma ihun ɓarawo a kasuwa, kafin wani ya tambayi me aka sata an riga an ɗauko gora, sauran kuma sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Nakan tambayi kaina me Ado zai ce. Ina jin ba zai ce komai ba, kutsawa kawai zai yi.

Bai sake riƙe ko da sarautar wasa ba, manomi ya rayu, manomi ya rasu. Ni na yi masa wanka. Da muka juya shi, babban ɗansa ya ga tabon da ya ratsa gadon bayansa, ya tambaye ni me ya taɓa samun Baba. Ashe bai taɓa gaya musu ba.

Na ce, "Nawa ne, ɗana. Shi ya karɓar mini."

Allah Ya sa Aljanna ce makomarsa.