Sama a Cikin Fangalin Albasa

Jiya ɗiyata ta ce an koya musu cewa farin hayaƙin nan da ke ratsa sama taurari ne, ba su ƙirguwa. Sai na tuna kakana.

Tsufa ya tanƙwara masa baya, ba ya iya ɗaga kai. In mun gama ban ruwa a Goronyo bayan isha'i, sai ya sa in kashe inji, mu jira ruwan fangali ya kwanta, kwaɗi na ta kuka. A cikin ruwan yake kallon sama.

"Kaka, mi kag gani?"

"Iri na, an yafa shi cunkus, ba a ko dasa ba tukuna. Wagga gona, ina iyakatta?"

Allah Ya miƙe masa baya a Aljanna, ya ɗaga kai ya gani.