Wanda Ya Riƙe Ƙofa Cikin Ordinater

Wajen ƙarshen shekarun casa'in na dawo gida Madarunfa daga jami'ar Yamai, aka ɗauke ni aikin gwaji a wani furoje na tallafa wa masu lambu a bakin tabki. In na yi kyau zuwa faɗuwar damina a riƙe ni, in ban yi ba in koma gonar babana, wanda ya riga ya gaya wa duk unguwa cewa ɗansa ya rabu da hauya.

Ordinater, wato kwamfuta, guda ce a biron, ofishin namu ke nan. Wani Bature ya ɗora mata tsarin aiki ya koma ƙasarsu, daga baya ya aiko da faifai da littafi, ya ce a sabunta ta kafin ta iya buga taswirar rijiyoyi. Darakta, wanda muke ce wa Mushe irin na Faransanci, ya miƙo mini su, tunda ni ne mai dipilom. Baƙi za su zo daga Maraɗi su ga taswirar.

Na sa faifai, aiki ya kama, ya kai wajen rabi, ko dai abin da nake zaton rabi ne, sai aka ɗauke kuran, wato lantarki. Da ya dawo na sake ba ta umarni, ta ƙi. Ta rubuto da Ingilishi, na bi da ƙamus: ta kasa samun makulli, ko wani aikin yana amfani da shi?

A gidanmu, in ka ga zane rataye a ƙofar makewayi, ba ka leƙawa. Ka koma gefe da butarka ka jira. To, haka na yi. Na jira ranar, na jira washegari, ina leƙowa jefi-jefi ko mutumin ya gama.

Mushe ya shigo yana fifita da hula.

"Malamin zamani, ina taswira?"

"Mushe, da alama akwai wani a ciki."

"Wane ne? Ɗan wa?"

"Ba zan ce akwai ba, ba kuma zan ce babu ba. Ita ma tambaya ta yi."

"Kai da ita duk ba mai amsa? Jibi baƙi na tafe. In babu taswira, ka gaida mini tsohonka da gero."

Na koma ga littafin. Ashe mai girka manhajoji na cikin ordinater, in ya fara aiki, yakan ajiye ɗan fayil, makullin ke nan, don kada wani ya shigo masa su ɓata juna. In ya gama ya ɗauke. Wannan kuwa ɗaukewar kuran ta kashe shi bai ɗauke fayil ɗin ba. Littafin ya ce a duba ayyukan da ke gudana, in ba ya ciki a goge fayil ɗin, in kuma yana ciki aka goge, komai na iya wargajewa.

Na duba, ba ya nan. Na sake dubawa, na kashe na kunna, na kuma dubawa. Sannan na je na kira Mushe.

"Ina so ka zama shaida."

"Aure za a ɗaura?"

Na rubuta umarnin gogewa, yatsana ya tsaya a sama. Ban san sa'ad da na yi gyaran murya ba. Shiru. Na ce, "Salamu alaikum, da mutum?"

Mushe ya dafe bango, hawaye na zubo masa. "Ƙara ɗaga murya, wataƙila kurma ne!"

Na yi bismilla na danna. Ba abin da ya fashe. Na umarce ta ta ƙarasa abin da ta bari, rubutu ya yi ta gudu, kafin la'asar taswira ta fito, rijiyoyi reras.

Baƙi sun zo sun yaba. Da motarsu ta tashi, Mushe ya ce in ɗauko kujerata daga bakin ƙofa in kai ta gaban ordinater, nan ne wurina daga yau.

"Wato an riƙe ni ke nan, Mushe, ko kuwa dai..."

"An riƙe ka! Mutumin da ke yi wa ƙarfe sallama ba zai ɓata mini kaya ba."