Farar Rigar Malam Baƙo

A unguwar Dogo Tebo ta Potiskum in ka tsayar da mai Keke ka ce ya kai ka gidan Malam Zainulabideen, sai ya yi ta kallonka baki sake. Ka ce gidan Malam Baƙo, kafin ka gyara zama ya kai ka. Mutumin nan kuwa ba baƙo ba ne. A wata ruga bayan Gadaka aka yanke cibiyarsa, a Potiskum ya yi wayo, a nan ya yi gemu har gemun ya fara fari. Wadda ta laƙaba masa sunan ita ce ta haife shi.

Shi ne ɗan fari a wajen Dada. Ubansa Joda makiyayi ne, shekarar da ciwo ya shiga garke ya tattara 'yan shanun da suka saura ya shigo gari, ya zama dillali a kasuwar shanu har ya rasu. Dada ta baro ruga da ƙafarta, amma halin ruga ko ƙwaya ba ta zubar a hanya ba. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta hannu biyu: ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama ta yi hira da shi. Yana ƙarami "wancan" take cewa. Da ya girma aka gina masa ɗaki kusa da zaure, sai ya koma "mai ɗakin ƙofa". In tana da magana da shi, ƙanwarsa Hussaina take gaya wa, in Hussaina ba ta nan ta gaya wa bango, shi yana tsaye yana ji.

Kar wani ya ce ba ta sonsa. Zainu ya iya karanta uwarsa tun kafin ya iya karanta allo. In ya ga man shanu ya yi ambaliya a tuwonsa, ya san ya faranta mata. In ya gaishe ta da safe ta amsa tana ba shi baya, tana gyara murhun da ba wuta, ya san akwai laifi, sai ya tafi ya binciki kansa har ya gano. Shekara arba'in suna wannan hira ba baki, ba su taɓa saɓawa ba.

Ya yi boko, ya zama malamin lissafi a wata sakandare a cikin gari. Malami ne na gaske, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Ya auri Munawwara, suka haifi uku. Abu ɗaya ke cin ransa a ɓoye: bai taɓa wuce Kano ba. Kullum yana ganin manyan motoci suna fita Potiskum da shanu, shanun ma sun fi shi ganin duniya.

Ana nan sai abokin aikinsa Nicodemus, malamin kimiyya, wanda iyayensa suka zo daga Binuwai aikin gwamnati suka haife shi a Potiskum, ya shigo ofishin malamai da wata takarda. Wata ƙungiya ce ke neman malamai 'yan sa-kai, shekara biyu a ƙasar Gambiya.

"Sa-kai fa, Malam Zainu," in ji Nicodemus. "Ci da wurin kwana, sai takardar yabo in ka gama."

"Da jirgin sama."

"Da jirgin sama, ɗan Fulani. Ka ga teku kafin ka mutu, ka daina yi mana labarin kududdufin Gadaka."

Suka cike takarda tare, aka ɗauke su tare. Yaran Dogo Tebo sun ƙoshi da lissafi ke nan, har ya yi saura za a kai wa na bakin teku.

Ya sa aka kira Hussaina daga gidan mijinta a Damagum, ya durƙusa a bakin ɗakin Dada, ya yi wa Hussaina bayani da ƙarfi don tsohuwa ta ji. Dada tana kaɗa nono, ba ta tsaya ba. Da ya gama ta ce, "Allah ya tsare matafiya." Shi ke nan. Zainu ya ɗauki wannan ya sa a aljihu, ya ce izini ne.

Saura kwana biyar tafiya, Dada ta buɗe tsohuwar adakarta, ta ciro wani ƙunshi a cikin zane, ta miƙa wa Hussaina. "A kai wa mai ɗakin ƙofa. Ya ajiye a wajensa."

Farin alawayyo ne, sabo, yana ƙanshin kafur. Likkafaninta ne. Ta saya tun shekarar da Joda ya rasu, ta yayyafa masa ruwan zamzam da wata maƙwabciya ta kawo mata. Tsohuwar da ta kai saba'in in ta ɗauko wannan ta ba ɗanta namiji ya ajiye, ta gama magana: kai za ka rufe ni, kar ka yi nisa. Bakinta ba zai iya cewa kar ka tafi ba, sai ta aika yadi ya faɗa.

Zainu ya buɗe, ya shafa, ya yi murmushi. "Dada ke nan. Ta ba ni na ɗinkin tafiya." Hussaina ba ta ga abin da ke ciki ba, ta kama hanyar Damagum. Munawwara tana wajen kitso. Ya naɗe ya kai wa Basiru tela.

Basiru ya warware yadin a kan keke, ya shinshina, ya ɗago. "Malam, anya wannan na riga ne?"

"Tsohuwa ce, ba ta san yadin zamani ba. Abin da ta ga fari ne mai kyau ta saya."

"Ni dai irin wannan, wani aiki na san ana yi da shi."

"Basiru, jibi-jibi zan tashi. Ka yi mini riga da wando, ka sa ɗan aiki a wuya."

A ƙofar shagon wani abu ya ɗan taɓa shi a ƙirji. Mutumin da ke gane laifinsa daga gyaran murhu, a ce bai gane ƙanshin kafur ba? Ya ji, ya kau da kai. Tikiti yana aljihu, kuma tikiti ya fi kafur ƙarfi.

Tekun da aka yi masa romo, sau biyu ya gan shi: ranar sauka da ranar tashi. Wani gari aka kai su can ciki, a bakin kogi, tafiyar yini guda. Ajin da aka ba shi yara saba'in ne a kan benci masu rawa, allo ya koɗe, tagogi ba murfi. Ya tsaya ya duba. Irin wanda ya baro ne sak, sai dai a nan ba wanda ya san ubansa.

Satin farko in ya buɗe baki yara su kwashe da dariya, wai Turancinsa irin na fim ne. Suka sa masa Oga. Ya ji akwai Fulani masu kanti, ya tafi da murna ya yi musu gaisuwar ruga. Suka dubi juna, suka gane rabi, suka amsa masa da Turanci. Mutanen garin ba su da rowa, kullum ana aiko musu da shinkafa da kifi, gobe kifi da shinkafa. In ana suna a gayyace shi, a kawo masa kujera a ajiye gefe, maza kuwa su baje a tabarma suna hirarsu da yarensu, shi yana sama kamar kayan da aka ɗora. Ya dage da aiki. Kafin shekara yaran sun daina dariya, sun fara kawo masa mangwaro, wasu har sun iya abin da iyayensu suka ɗauka ba za su taɓa iyawa ba. Ranar Litinin da Juma'a farar rigar nan yake sawa, ya ce albarkar uwa ce.

Waya ce ta tona asiri. Nicodemus kullum bayan an tashi makaranta sai ya kira tasa uwar, su yi awa guda suna gulmar mutanen coci suna ƙyalƙyata dariya. Zainu ya kira Munawwara, ta kai waya ɗakin Dada, ta sa a kunnenta. Ya yi gaisuwa. Ya ji numfashi. Can sai ya ji ta ce da Munawwara, "Ki ce lafiya lau." A gida yana da tuwo, yana da murhu, yana da yadda ta juya baya. Waya magana kawai take ɗauka, magana kuwa ita ce abin da Dada ba ta da shi dominsa.

"Wai kai uwarka ce ko surukarka?" in ji Nicodemus.

"Ba za ka gane ba, Niko."

"A Potiskum aka haife ni, na gane sarai. Na dai ga ba ta shiga waya."

Don ya faranta mata, ya sa aka ɗauke shi hoto a gaban aji, yara kewaye da shi, yana cikin farar rigar an goge ta tana sheƙi. Ya aika wa Hussaina ta nuna mata. Daga baya Hussaina ta ba shi labari: Dada ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan rigar, ta miƙa mata, ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Daga nan saƙonni suka fara sauya launi. Dada ta rage ci. Dada ta zuba gishiri a nono. Dada ta fita da rana tsaka wai za ta nemo maruƙa, sai a bakin titi aka samo ta.

"Ta ce in dawo?" Zainu ya tambaya.

"Hamma," in ji Hussaina, yadda take kiran yayanta da Fulatanci, "yaushe ta taɓa ce maka wani abu?"

"To in ta ce, ki gaya mini."

Da wannan ya fake. Dokar ƙungiya ita ce wanda ya tafi kafin wa'adi ba shi da takarda. Ga 'yan aji uku za su zana jarrabawa, ba wani malamin lissafi a garin. Nicodemus ya ce da shi ne da tuni yana tasha. Zainu ya ce saura wata bakwai, wata bakwai kamar gobe ne. Yaran mutane suka ci jarrabawa, aka yi taro, aka yi tafi, aka ba shi takarda a cikin gilashi.

Da hantsi ya iso Dogo Tebo, cikin farar rigar, takarda a hammata. Dada tana zaune a tabarma a gindin dalbejiya, ta ƙanƙance kamar an wanke ta ta shige. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan yadda ya saba, ya sunkuyar da kai.

Sai ta dube shi. Ido cikin ido, abin da bai taɓa gani ba tun da aka haife shi. Daɗi ya kama shi.

"Sannu baƙo," ta ce. "Matso mana, ka zauna a rana? Munawwara, kawo wa baƙo ruwa."

Munawwara ta tsaya da kofi a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya.

Ya matso. Dada ta kama bakin rigarsa ta murza tsakanin yatsu. "Yadinka irin nawa. Ni ma ina da irinsa, na ba ɗana. Ka san shi? Zainulabideen. Malami ne."

Shekara arba'in da biyu, ranar ya fara jin sunansa a bakinta. Ta faɗe shi cikakke, a hankali, kamar mai tauna abin da ta daɗe tana ɓoyo.

"Na san shi, Dada."

"Yana da hankali, wallahi. Tun yana yaro ba sai na yi magana ba. Da zai tafi na ce kar ya tafi."

"Kin ce?"

"Na ba shi likkafanina. Me ya rage in ce?" Ta yi 'yar dariya. "Sai ya ɗinka riga. Aka nuno mini shi a waya yana ta washe baki. Na ce to, ya ba ni amsa."

Zainu ya dubi rigar da ke jikinsa. Hira take yi da shi, hirar da ya yi ta nema a waya shekara biyu, ga ta tana zuba kamar ruwan famfo, don a wajenta ba shi ba ne.

"Baƙo, in za ka shiga kasuwa ka sayo mini wani. Ba ni da ɗa namiji a garin nan."

Bai ko shiga ɗakinsa ba. Ya aje takardar a kan turmi, ya tafi kasuwa a rigar, ya sayo farin alawayyo, ya kawo ya ajiye a gabanta. Ta shafa, ta shinshina, ta naɗe da kyau, ta tura masa.

"Kai ka ajiye. Kai da alama ba ka da inda za ka."

Wata goma sha ɗaya ta ƙara a duniya. Kullum da safe yana zuwa ya zauna a tabarmarta, ta ba shi labarin ruga, labarin Joda, labarin yadda Zainulabideen ya yi ƙyanda tana kwana tsaye a bayan ɗaki don kunya ta hana ta shiga. Sau biyu ya ce mata, "Dada, ni ne." Sau biyun ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya baya, ta yi shiru yini guda, washegari ta manta ta ce sannu baƙo. Bai ƙara faɗa ba. Ya zaɓi hirar.

Mata masu shigowa dubiya suka ji tana kiransa baƙo, suka fita da shi, yara suka ɗauka, 'yan Keke suka ƙarasa. Da ta rasu, yadin da baƙo ya ajiye aka sa mata.

Yana nan yana koyar da lissafi a makarantarsa ta da. Takardar gilashi tana saman kwaba, Munawwara tana ɗora mata faranti. Rigar kuwa Basiru ya ce ya kawo a warware a yi sadaka da yadin, ya ƙi. Tana cikin adakar Dada. Ranar Juma'a duk sahun masallaci fari fat, shi kaɗai za ka hango da shuɗi.